Haƙƙin ɗan Adam: na kowa ne, ko na shafaffu da mai?

Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana sukata a rai, yau na ce bari in furta ta a nan ko na samu sauƙi. Ranar 10 ga Disamba 1948 ƙasashen duniya suka zauna a birnin Paris suka amince da takardar nan ta haƙƙin ɗan Adam mai sashe 30. Sashen farko ya ce dukkan mutane 'yantattu aka haife su, darajarsu ɗaya, haƙƙinsu ɗaya. Yau an haura shekara 75 da wannan zama. A 2024 mutanen da yaƙi da zalunci suka raba da gidajensu sun wuce miliyan 120, bisa ƙidayar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaza tana gabanmu. Sudan tana ci da wuta tun Afrilun 2023. 'Yan Rohingya sama da 700,000 da aka kora daga Myanmar a 2017 har yanzu suna cikin bukkokin leda a Bangladesh. To don Allah ku gaya mini, wannan takarda ta taɓa tare harsashi ko guda ɗaya? Ni dai na fara yarda cewa sanda ce a hannun manyan ƙasashe, su daki wanda suke so da ita, in abin ya zo kansu su ɓoye ta a bayan ƙofa.

Kabiru:
Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Kai yanzu ka fara yarda, ni na daɗe da gamawa. Dubi Kwamitin Sulhu kawai. Ƙasashe biyar, Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, kowacce in ta hau kujerar naƙi magana ta mutu, ko da duk duniya ta taru a ɗaya ɓangaren. Rasha ta yi ta kare gwamnatin Siriya da ita, Amurka ta yi ta kare Isra'ila da ita. A 2003 aka afka wa Iraƙi da sunan makaman da ba a taɓa gani ba, a 2004 hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito. Wa ya je kotu cikin waɗanda suka ba da umarnin yaƙin? Gidan yarin Amurka na Guantanamo tun Janairun 2002 aka buɗe shi, mutum kusan 780 suka ratsa ta cikinsa, mafi yawansu ba a taɓa karanta musu tuhuma a gaban alƙali ba.

Ita kuwa kotun manyan laifuka da ke birnin Hague, daga 2002 da ta fara aiki har zuwa 2016 duk binciken da ta buɗe a Afirka ne. Da Fatou Bensouda, babbar mai shigar da ƙarar kotun a lokacin, ta juya za ta leƙa abin da ya faru a Afganistan, Amurka ta soke mata biza, a 2020 ta ƙaƙaba mata takunkumi. Mai shigar da ƙara fa! Me ya rage a faɗa?

Barista Hadiza:
Ƙanena Kabiru, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ba zan musa ko ɗaya ba. Zan ma ƙara maka. A 1948 ƙasashe 48 ne suka jefa ƙuri'ar amincewa, 8 suka ƙaurace, kuma a lokacin mafi yawan Afirka tana hannun 'yan mulkin mallaka. Wato waɗanda suka ɗaga hannu a Paris suna cewa kowa 'yantacce ne, wasunsu da ɗaya hannun suna riƙe da wuyan al'ummomi. Har yau Amurka ce kaɗai mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ba. Sin kuma ta sa hannu a yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa a 1998 amma ba ta tabbatar da ita ba.

Sai dai inda na rabu da kai shi ne cewa takardar tasu ce. Ba Turawa kaɗai suka rubuta ta ba. Akwai Charles Malik na Lebanon, akwai P. C. Chang na Sin, akwai Hansa Mehta ta Indiya wadda ta dage sai an cire lafazin da ke nufin maza kaɗai an sa wanda ya haɗa kowa. Kuma gyara ɗaya game da kotun Hague: da yawa cikin shari'o'in farko gwamnatocin Afirka ne da kansu suka kai, irin Uganda da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Mali. Wasunsu ma don su ga bayan abokan gabarsu ne, wannan ma wani ciwon ne daban.

Kabiru:
Yaya Hadiza, na ji. Amma wanda ya rubuta ba shi ne damuwata ba, wanda ake zartarwa a kansa shi ne. An ba da sammacin kama Putin a Maris 2023, ya je Mongoliya a 2024 aka shimfiɗa masa jar darduma. An ba da na Netanyahu a Nuwamba 2024, ya je Hungari a 2025 ya dawo lafiya lau. Duka ƙasashen nan biyu mambobin kotun ne a lokacin.

Barista Hadiza:
Haka ne. Kar ka manta da Umar al-Bashir ma, sammacinsa tun 2009, ya je Afirka ta Kudu a 2015 ya fice alhali wata kotun ƙasar ta ce kada a bar shi ya fita. Kotun ba ta da 'yan sanda, da hannun ƙasashe take kamu. In sun naɗe hannu, shi ke nan.

Baba Audu:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Ni a rediyo na bi labarin Ruwanda a 1994, kullum da asuba da kuma bayan isha'i. Kwana 100, mutum kusan 800,000, yawanci da adda. Abin da ban manta ba har gobe shi ne, akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, kwamandansu Janar Dallaire ya yi ta roƙon a ƙaro masa mutane, sai Kwamitin Sulhu ya rage su zuwa 270 ana tsakiyar yanka. Shekara ɗaya bayan nan, a Yulin 1995, aka ware maza da samari sama da 8,000 a Srebrenica ta ƙasar Bosniya aka kashe, a garin da Majalisar da kanta ta ce tudun mun tsira ne. Daga baya aka zo ana kafa kotuna ana neman gafara. Ihu bayan hari.

Amma Nasiru, ka ce ka fara yarda duk abin sanda ce. A nan zan ja kunnenka. Kafin a san wata Majalisa, a Makka an yi Hilful Fudul. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman aka cinye wa dukiya, ba shi da dangi a garin, ya hau dutse ya yi kururuwa, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Manzon Allah (SAW) ya halarta tun kafin aike, kuma bayan Musulunci ya zo ya yabi wannan alkawari. Don azzalumi ya ɗauki maganar gaskiya yana ado da ita, ba zan bar masa ita ba. Ba tasa ba ce tun asali.

Maryam:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ban iya kawo shekaru da alƙaluma kamar su Barista ba, abin da ya same ni zan faɗa. Na yi aikatau shekara biyu a wata ƙasa, ba sai na ambaci sunanta ba. Tun a filin jirgi wanda ya zo ɗaukata ya miƙo hannu ya karɓi fasfona, ya ce ajiya. Takardar da na dangwala wa hannu da harshen da ban iya karantawa aka rubuta ta. Ɗakina shi ne inda injin wanki yake, in yana aiki da dare katifar har rawa take. Ina tashi kafin asuba, ba na kwanciya sai kowa ya yi barci. Wayata tana hannun matar gidan, ranar Juma'a kawai take ba ni na minti kaɗan, tana tsaye a kaina. Da mahaifiyata ta tambaye ni lafiya, sai in ce lafiya lau, don me zan ce? Wata biyar aka riƙe mini albashi, wai na fasa wani abu.

Wadda ta cece ni wata 'yar aiki ce a gidan da ke kusa, ba ƙasarmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, da hannu da 'yan kalmomi muke fahimtar juna a wurin zubar da shara. Ita ta ce mini dokar ƙasar ta hana a riƙe fasfon ma'aikaci. Ta rubuta mini wata lamba a bayan kwalin sabulu, na ɓoye a cikin ɗankwalina kwana goma sha ɗaya kafin in samu damar kira. Wallahi ranar da na ji cewa akwai doka, ko ba a bin ta, sai na ji kamar an ɗauke mini dutse daga ƙirji. Da ina zaton haka rayuwata take, ƙaddarata ce. Ashe laifi ake yi mini, kuma laifin yana da suna.

Nasiru:
Innalillahi. Sannu 'yar'uwa, Allah ya saka miki. Kuɗin naki fa, an biya?

Maryam:
Na wata biyu aka ba ni, aka ce in sa hannu na yafe sauran in ina son fasfo. Na sa.

Barista Hadiza:
Sannu ƙanwata. Abin da aka yi miki, a ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya alamomin aikin tilas ne: riƙe takardun mutum, riƙe albashi, hana shi fita. Ƙiyasin da aka fitar a 2022 ya ce mutum kusan miliyan 50 ke cikin bautar zamani, miliyan 28 aikin tilas, miliyan 22 auren dole. Akwai yarjejeniya ta musamman kan masu aikin gida tun 2011, amma ƙasashen da suka tabbatar da ita ba su kai 50 ba. Tsarin kafala da ke ɗaure ma'aikaci a hannun ubangidansa shi ne tushen matsalar a ƙasashe da dama. Ƙatar ta sassauta nata a 2020, ta ce ma'aikaci na iya sauya aiki ba da izinin ubangida ba, kuma matsin lambar gasar cin kofin duniya ta 2022 ce ta taimaka. Tsakanin doka da abin da ke faruwa a bayan ƙofar gida kuwa, ke kin fi ni sani.

Usman:
Ni zan taɓo inda ba a so. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna ta cewa Yamma na da fuska biyu, kuma gaskiya ne. A Maris 2022 Tarayyar Turai ta buɗe wa 'yan Yukren ƙofa cikin 'yan kwanaki, da izinin zama da na aiki, alhali tun 2014 mutum sama da 30,000 sun mutu ko sun ɓace a Bahar Rum. 'Yan Yukren sun cancanci wannan karɓa, sauran ma sun cancanta. To amma mu fa?

A ƙarshen Agustan 2022 ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto kan Musulmin Uighur a yankin Xinjiang na ƙasar Sin, ya ce abin da ake musu zai iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. A Oktoba aka nemi kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya tattauna rahoton, tattaunawa kawai. Aka kayar da ƙudurin da ƙuri'a 19 da 17. Cikin waɗanda suka ce a'a akwai Pakistan da Indonesiya da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wa ya yi zanga-zanga a kan wannan? A Afganistan tun 2021 an hana 'yan mata makarantar sakandare, a Disambar 2022 aka rufe musu jami'a. A Darfur, masu kisan da waɗanda ake kashewa alƙiblarsu ɗaya. A 2017 aka nuna bidiyon ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar dabbobi, ba Bature ne ke buga farashin ba. Idan wanda muke ƙi ya yi kisa muryarmu har sama, idan namu ne sai mu ce a bari a bincika.

Kabiru:
Usman, wannan ai ita ce dabarar da ake kashe bakin mutane da ita. Da ka ce Gaza sai a ce maka Sudan fa? Ni ba ni da kujera a Kwamitin Sulhu, ba ni da masana'antar makamai. Ba za a auna shirun talaka da na wanda ke aika bama-bamai a sikeli ɗaya ba.

Usman:
Ban ce nauyin ɗaya ne ba, kuma ban ce a daina maganar Gaza ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi a ƙara, ba a rage ba. Uwar da ke gudu da jariri daga El Fasher ta Darfur ba ta san siyasar da ta sa duniya ta kau da kai ba, ta dai san ba wanda ya zo.

Baba Audu:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, ku sassauta. Hadisi ya ce ka taimaki ɗan'uwanka azzalumi ne ko wanda aka zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne ka riƙe hannunsa. Naka shi ya fi cancanta ka fara riƙewa, don shi hannunka zai kai.

Barista Hadiza:
Malam Nasiru, ka tambaya ko takardar ta taɓa tare harsashi. Ban san ta tare ba. Amma bari in ba ka labarin da nake komawa gare shi duk ranar da na ji aikin nan ya ishe ni.

Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, da goyon bayan Amurka da Faransa don yana yaƙar Gaddafi. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. 'Yan sandan sirrinsa suna da wani kurkuku a N'Djamena, tsohon wurin ninƙaya ne aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wani akanta mai suna Souleymane Guengueng, da aka kama a 1988, ya ga mutane suna mutuwa a gefensa cikin tsare, ya yi wa Allah alkawari in ya fita da rai sai ya nemi haƙƙinsu. Ya fita a 1990 da Habré ya tsere Senegal. Ba lauya ba ne, ba shi da kowa a sama. Ya riƙa bin waɗanda suka tsira da matan da aka kashe wa mazaje yana rubuta bayanansu, ɗaruruwa, yana ɓoyewa, a lokacin da da yawa cikin masu azabtarwar suna nan a kan muƙamansu.

A 2000 suka shigar da ƙara a Dakar, aka yi watsi da ita. A 2001 aka tarar da takardun 'yan sandan sirrin a zube a tsohon ofishinsu, da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunsu. Suka tafi Beljiyam. Beljiyam ta kai Senegal Kotun Duniya, wato mai shari'a tsakanin ƙasashe ba ta manyan laifuka ba, a 2012 kotun ta ce ko ku yi masa shari'a ko ku miƙa shi, bisa yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, wato ɗaya daga cikin takardun nan da muke cewa ba su da amfani. Aka kafa kotu ta musamman da hannun Tarayyar Afirka. Habré ya ƙi zuwa, sai da aka ɗauko shi aka shigo da shi da ƙarfi. Mata suka tsaya a gabansa suka faɗi abin da aka yi musu. Ranar 30 ga Mayu 2016 alƙali ɗan Burkina Faso ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Kusan shekara 26 ke nan bayan faɗuwarsa. Ya mutu a 2021 yana cikin wa'adin.

Irin wannan taurin kai ne ya sa iyaye mata na Ajantina suka fara zagaye dandalin fadar gwamnati a 1977 da hotunan 'ya'yansu da aka ɓatar, har Janar Videla, shugaban mulkin sojan lokacin, ya mutu a kurkuku a 2013. Shi ne ya sa tsofaffin 'yan gwagwarmayar Mau Mau na Kenya 5,228 suka tilasta wa Birtaniya biyan fam miliyan 19.9 a 2013. Kuma ƙaramar Gambiya ce ta kai Myanmar Kotun Duniya a 2019 saboda Rohingya, kamar yadda Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disambar 2023.

Nasiru:
Barista, jikina ya yi sanyi da labarin nan. Amma shekara 26! Nawa ne cikinsu suka mutu ba su ga ranar ba? Diyya kuma fa?

Barista Hadiza:
Da yawa sun mutu. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke diyyar sefa biliyan 82, aka ɗora wa wani asusun Tarayyar Afirka tattarawa, shekaru suka yi ta wucewa mutanen suna zaman dirshan suna jira. Ba zan yi maka kwalliya ba.

Zainab:
Ina ta karantawa tun ɗazu. Duk maganarmu ta tafi kan kisa da kotu, amma akwai zaluncin da ba ya ƙara, shi ya fi yawan cin mutane. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh da masu ɗinkin tufafi, mutum 1,134 suka mutu, yawanci mata. Tun ana gobe aka ga bango ya tsage, shaguna da bankin da ke ƙasa suka rufe, su kuwa masu ɗinkin aka ce su koma bakin aiki. Kayan da suke ɗinkawa a manyan kantunan Turai da Amurka ake sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wayar da nake rubutun nan da ita, batirinta na buƙatar ma'adinin kobalt, kusan kashi 70 cikin 100 na duniya daga Kongo yake fitowa, kuma an sha samun yara a ramukan haƙarsa. Ƙiyasin 2020 ya ce yara miliyan 160 ke aikin ƙarfi a duniya.

Ga bashi. A 2023 hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da abin da suke biya na kuɗin ruwa ya fi abin da suke kashewa a ilimi ko lafiya. Ga sauyin yanayi: Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33. Yarinyar da ta mutu don asibiti ba magani, wa za a kai Hague a kanta? Ba janar, ba sammaci, ba kabarin bai ɗaya da za a tono. A 1966 ma raba haƙƙoƙin aka yi gida biyu, na siyasa daban, na ci da sha da lafiya da ilimi daban, kuma na biyun aka ce kowace ƙasa ta cika a hankali gwargwadon ƙarfinta. Wannan "a hankali" ɗin ne ya cinye mu.

Kabiru:
Wannan ita ce maganar, Zainab. A nan ba ni da ja.

Barista Hadiza:
Ni ma haka. Bayan Rana Plaza kamfanoni sama da 200 sun sa hannu a wata yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago wadda za a iya kai su ƙara in sun saɓa, aka bi masana'antu ana duba wayoyin lantarki da ƙofofin gudu. Sai da mutum 1,134 suka mutu aka yi abin da aka san ya kamata tun farko.

Nasiru:
Ban sauka daga kan maganata gaba ɗaya ba, har yanzu ina ganin mai ƙarfi ba ya shiga wannan raga. Amma kalmar Maryam ta tsaya mini, cewa laifin yana da suna. 'Yar'uwa, ita wadda ta ba ki lambar, kin sake jin labarinta?

Maryam:
A'a Malam. Ranar da zan tafi ban samu na yi mata sallama ba, motar tana jira a ƙofa. Ko cikakken sunanta ban sani ba. Lokacin ta ce mini saura wata takwas kwangilarta ta ƙare, kuma ita ma fasfonta ba ya hannunta. Kwalin sabulun yana nan a jakata har yanzu. Barista, in mutum bai san sunan mutum ba, sai dai unguwa da kalar ƙofar gida, akwai inda ake kai irin wannan cigiya?